Ina ake cin abinci na kirki tsakanin unguwannin Zariya da Ali Ɗan Tsoho a Maradi?

Mushe_Damagaram:
Salamu alaikum jama'ar Katsinar Maradi. Ni malamin makaranta ne, an yi mini canjin wurin aiki daga Damagaram zuwa nan, na kama ɗaki a Zariya, iyali kuma sai na daidaita sannan su biyo ni. To ga tambaya. Ina gwauro yake cin abinci a wannan ɓangaren gari? Na shiga irin restoran nan masu ƙofar gilashi da ke bakin kwalta, wuri tsaf, ga fanka ga telebijin, amma shinkafa da miya da 'yar tsoka biyu sefa 1500, kuma ka fito cikinka yana tambayarka ina abincin. Kada ku ji haushi, har yanzu ban ga abin da za a yabi Maradi da shi ba a fannin ciki. Kasuwanci na sallama muku. Abinci kuwa da sauran magana. A nuna mini hanya don Allah.

DanBagalam:
Wa alaikumus salam Mushe, barka da zuwa. Amma ka shigo da tsokana. Ka tahi wurin da anka yi don baƙi da ma'aikatan proje, sannan ka dawo kana cewa babu abinci. Abincin garin ga ba shi da allo a ƙofa, lokaci gare shi. In ka kuskure lokacin, ko jikka 10 ke aljihunka sai dai ka iske an kife tukunya.

Kabukabu227:
DanBagalam ya faɗi gaskiya. Mu da muke bisa moto tun asuba mu muka san wannan. Mushe, fito da an sallame sallar asuba, ka bi lungunan bayan masallacin unguwarku, inda ka ga hayaƙi a ƙofar gida da yara riƙe da kwanoni, nan ne. Masu masa da ƙosai zuwa ƙarfe 8 sun tashi. Wajen ƙarfe 10 ɗan wake ke fitowa. Dambu da shinkafa da wake daga 11 zuwa azahar, bayan nan ƙanzo kawai za ka samu. La'asar ta masu awara da fanke ce, magariba kuma mahauta su kunna wuta. Kai da kake tashi daga lakwal bayan kowa ya ci ya wanke hannu, dole ka faɗa hannun masu gilashi.

Etidiyan_UDDM:
Mushe, bi ɗalibai kawai. Duk inda ka ga 'yan jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo sun yi layi, to akwai arha kuma akwai auki. Da dala 50, wato sefa 250, ana ƙoshi da shinkafa da wake, mai da yaji, in ka ƙara dala 20 a yanka maka ƙwai da albasa.

UwarGida_ADS:
Auki dai, ba daɗi ba. Ɗalibi ai ko dutse aka zuba wa yaji ci zai yi.

Etidiyan_UDDM:
Tanti a yi mana afuwa, kuɗin bursu ne ba ya zuwa da wuri.

DanBagalam:
Bari in yi maka kwatance guda, Mushe. Akwai wata dattijuwa can Bagalam cikin tsohon gari, ba ni faɗin sunanta nan don ba ta san da wani intanet ba. Tun da dare take jiƙa shinkafa ta kai niƙa, ƙullun ya kwana ruhe da zane ya tashi da kanshi. Tandarta ta ƙasa ce, ta yi baƙi ƙirin, ba irin ta ƙarhen nan ba. Tana ɗiga man gujiya cikin kowane gurbi da wani ɗan ludayi, ta zuba ƙullu, ta jira gehen ya yi ja sannan ta juya da bakin cokali. Masar tana hitowa baya da ƙarau-ƙarau, ciki kuma laushi da 'yar tsami. Miyar taushe ce a gehe, da kabewa da yakuwa, ko ka ce a barbaɗa maka ƙuli da sukari in kai mai son zaƙi ne. Ba ta da benci sai guda, sauran mutane tsugune suke ci. Alhazai na aiko direbobinsu da kula. In kana so ranar Lahadi in zo in ɗauke ka.

Mushe_Damagaram:
Na gode ƙwarai Malam. Amma ka ga matsalar, daga Zariya zuwa Bagalam kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa sun fi kuɗin masar. Ni abin da ke kusa nake nema, wanda zan taka da ƙafa.

MaiRestora_Mdi:
Ina karanta ku tun ɗazu, bari mu ma a ji ta bakinmu. Ni ina da ɗan wurin abinci a bakin kwalta, ba zan faɗi suna ba kada a ce talla na zo yi. Mushe, sefa 1500 ɗin da ka biya ba shinkafa kaɗai ka saya ba. Akwai hayar shago, akwai kuɗin wuta da na ruwa, akwai gas, akwai patanti, akwai yara huɗu da ke jiran albashi ƙarshen wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Mai dambu a ƙofar gidan mijinta take zaune, itace take hurawa, 'yarta ce ke wanke kwano. Ta yaya farashinmu zai zo ɗaya?
Kuma ku tuna abin da ya same mu a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana ta layin Katsina zuwa Gazawa, aka rufe iyaka. Ni kaji da kifi na zubar daga firigo har sai da na daina sayen na ajiya. Gurup, wato janareta, nake tayarwa don kawai ruwa ya yi sanyi. Da yawa cikin waɗanda muka fara tare ba su kai lokacin da aka buɗe iyakar a Maris 2024 ba. Wanda ya tsira dole ya rage tsoka ko ya ƙara kuɗi.
Abu na ƙarshe, in baƙo ya zo maka daga Yamai, ko kana son ka zauna da abokin harka ku yi magana awa guda, wurin mai masa za ka kai shi ya tsuguna?

Kabukabu227:
Alhaji maganarka da gaskiya a ciki, amma miyar fa? Hayar shago ce ta hana a sa daddawa? Duk miyarku ɗanɗano ɗaya, tumatirin gwangwani da Maggi.

MaiRestora_Mdi:
@Kabukabu227 ka sa daddawa da kuka, masu kravat su ce wari. Ka bar su, ku ku ce salam. Wa za mu bi? Ni dai ranar Juma'a ina yin tuwon masara miyar kuɓewa busassa da man shanu, kuma shi ke fara ƙarewa, wannan kam na yarda.

Zabarma_Dosso:
Mushe kada ka wahalar da kanka. Garin da ke maƙwabtaka da Gobirawa ina za a iya girki? Su dai a ba su hura su sha su kwanta. Zo Dosso ka ci dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, na gaske.

Bagobiri_Tsibiri:
Ji bawana yana magana. Zogalen da kuke taƙama da shi, je ka tasha ka ga buhunan da ake lodi daga Jiratawa zuwa yamma. Mu ke noma, ku ke lashe kwano. Ka gaida mutanen gida, ka ce ubangijinsu na gaishe su.

Zabarma_Dosso:
Hahaha, Allah ya bar zumunci. Amma ban janye ba.

Yar_Jiratawa:
Tunda an ambaci garinmu bari in sa baki. Mushe, dambu ba a gane shi da ido daga nesa, sai an buɗe madambaci. Mai kyau za ka ga ganyen ya kusa rinjayar tsakin, kore shar, yana warwarewa ba ya cuɗewa. In ka ga ya yi fari da ɗigon ganye nan da can, an yi maka rowa. Kuma ka tambaya ko ɗanyen ganye ne ko busasshe. Mu nan fadamar Jiratawa ana ban ruwa, don haka zogale ba ya yankewa ko da rani, da sassafe ake kawo shi Maradi. Wadda ke sayen na ranar, dambunta daban yake. A zuba man gujiya da aka soya da albasa, ba ɗanyen man jarka ba, a sa garin ƙuli da yaji. Akwai mata biyu da na sani a Zariya masu yin haka, ɗaya kusa da wani injin niƙa take. Tambayi kowane yaro a layinku ina ake dambun zogale, zai kai ka.

Majo_Lafiya:
Ni ta wani gefe zan shigo, ku yi haƙuri in na ɓata muku ci. Ina aikin jinya, kuma wanda ya ga kwalarar 2018 da ta faro daga yankin Madarumfa, da wadda ta dawo a 2021, ba zai ƙara kallon abincin titi da ido ɗaya ba. Ba cewa nake a daina ci ba, ni ma ina ci. Amma a lura da abu kaɗan.
Abin da aka sauke daga wuta a gabanka, masa, ƙosai, ɗan wake, tsire mai zafi, da wuya ya cuce ka. Inda matsala take shi ne abin da ba ya komawa wuta: salati da aka yanka tun safe, kwaɗon da ya wuni a rana, ƙanƙarar da ba ka san ruwan da aka yi ta da shi ba. Sai kuma robar wanke hannu guda da mutum 20 suka tsoma hannu a ciki. Wannan ba wanki ba ne. A zuba maka da buta, da sabulu, ruwan ya zube ƙasa.
Kuma kada gilashi ya ruɗe ka, Mushe. Mai masa kana ganin hannunta da tandarta. Kicin ɗin restora wa ya taɓa leƙawa?

MaiRestora_Mdi:
Majo, nawa a buɗe yake, duk mai so ya shigo ya gani.

Majo_Lafiya:
Madalla Alhaji, haka ake so. Na manta ban faɗi leda ba. Zuba koko ko miya mai tururi cikin baƙar leda ba alheri ba ne. Tun 2014 akwai dokar da ta hana shigo da irin waɗannan ledoji da sayar da su a ƙasar nan, amma ku duba kwatocin gari. Mushe, sayi ɗan kula mai hawa biyu ka riƙa yawo da shi, an fi cika maka shi ma.

UwarGida_ADS:
Duk maganar nan da kuke yi ta maza ce. Ku tsuguna wurin mai masa, ku zauna bencin mai shayi har tsakar dare, ba mai ce muku komai. Ni matar aure in na zauna a teburin mai shayi, kafin in koma gida labari ya riga ni. Wuraren gilashin da kuke rainawa su ne kaɗai inda mace za ta je da ƙawarta ko da 'ya'yanta ranar salla su ci shawarma su sha yawur cikin mutunci. Don haka ku bar mana su.
Sannan Mushe, akwai hanyar da ba wanda ya faɗa maka. Mata da yawa a Ali Ɗan Tsoho da Zariya suna girki a gida suna sa hoto a WhatsApp. Ka yi oda da safe, ka tura kuɗi ta Nita ko Amana, ɗan kabu-kabu ya kawo maka har lakwal. Wasu ma da wata ake yi da su, rana da dare, kamar kana gidanku. Tuwo ne na gaske, miyar da za ta ba mijinta ita za ta zuba maka. In kana so in haɗa ka da wata ta akwatin sirri.

Mushe_Damagaram:
Hajiya wannan shawara ta zauna mini. Zan yi miki magana. Amma ina son in san gari kuma, kada in shekara a Maradi ban san kowa ba sai ɗan kabu-kabu.

Kabukabu227:
Mu ma ai mutane ne Mushe.

Bakatsine_Jibiya:
Ni daga tsallake nake, amma kusan kowace Litinin ina Maradi cin kasuwa. Abin da ke kawo ni teburin mai shayinku burodin nan ne dogo. Mu namu mai laushi ne da sukari, naku kuwa ɓawo gare shi. Akwai wani mai shayi kusa da babbar kasuwa, ina son kallon aikinsa. Zai fasa ƙwai biyu cikin kofin roba, ya yanka albasa a tafin hannunsa ba tare da ya duba ba, ya murmushe rabin Maggi, ya kaɗa, ya juye a kasko. Kafin ya soyu ya tsaga burodin ta tsawo ya shafa mayonez. Ya naɗe maka a takardar buhun siminti ko tsohon littafin 'yan makaranta. Shayin kuma ya yi ta ɗaga shi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa.
Sai dai yanzu abin ya fi ƙarfinmu. Da can mu ke zuwa da naira muna fankama, tun da ta faɗi kuwa sai na canza kuɗi in ga abin da aka miƙo mini in ji yunwar ta tafi da kanta.

Etidiyan_UDDM:
Yaya Bakatsine, ka jira jirgin ƙasan Kano zuwa Maradi, ka riƙa zuwa karin kumallo kana komawa.

Bakatsine_Jibiya:
Allah ya nuna mana. Ta garinmu zai bi ai.

Baba_Limanci:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke karanta mini, na ce ya rubuta mini wannan. Malamin makaranta, unguwar da kake zaune duk gonaki ne sa'ad da muna samari. Iyayenmu sun ba mu labarin ruwan 1945 da ya ci tsohon gari a cikin fadamar gulbi, shi ya sa anka hau tudu, unguwanni irin su Bagalam da 'Yandaka da Limanci da Maradawa sunka taho da sunayensu. To masu sana'ar abinci na gado can suke, uwa ta bar wa ɗiya. Sabuwar unguwa sai ta daɗe kafin ta samu nata.
A zamaninmu magidanci ba ya cin abinci a titi, abin kunya ne, sai baƙo da ɗan kasuwa da ya zo cin gujiya. Da rana hura ake sha. A dama ta a ƙwarya da nonon da Fulani sunka kawo da sahe, ka sha ka koma aiki har la'asar ba ka tuna tuwo ba. Yanzu na ga ana niƙa ta a inji da ƙanƙara a zuba a kofin roba. Na sha, ba laihi, amma ba ta riƙe ciki.
Kuma malam, baƙo ba ya cewa gari babu abinci. Ka gaida maƙwabcinka, ka zauna fadar ƙofar gida, kwano zai iske ka.

DanBagalam:
Allah ya ƙara girma Baba. Magana ta ƙare.

UwarGida_ADS:
Ba ta ƙare ba Malam. Baba ya yi gaskiya a zamaninsu, amma yanzu a Ali Ɗan Tsoho kowa katanga ya ja da ƙofar ƙarfe. Sai ka shekara ba ka san sunan maƙwabcinka ba, balle kwano.

Mushe_Damagaram:
Na gode Baba, Allah ya ja kwana. Ban yi nufin raina gari ba.

Dan_Gazawa:
Ba wanda ya ambaci kunun aya? Jihar Maradi ce uwar aya a Nijar, daga Agye da Gazawa da Cadawa har Madarumfa, tireloli ke ɗauka zuwa Najeriya. Amma abin haushi a cikin gari sai ka sha wanda aka tsinke da ruwa aka cika sukari. Mai kyau da dabino ake niƙa shi da 'yar citta, yana da kauri. Ka saya da safe ko da hantsi. Ba ya jure zafi, in wuta ta ɗauke zuwa yamma ya yi tsami, wasu kuma ba sa zubarwa.

Majo_Lafiya:
@Dan_Gazawa wannan gaskiya ne, kuma a duba robar da aka ɗura shi. Yawanci tsofaffin robobin ruwa ne da yara ke tsintowa.

Bagobiri_Tsibiri:
Ku bar zancen kunu, ku zo ga nama. Mushe, ƙasar jar akuya ka zo. Da magariba ka nemi mai balangu, ba mai tsire ba, tsire ƙuli ke ɓoye aibinsa. Ka tsaya ya yanka a gabanka, ka ce ya haɗa maka da kitse kaɗan da hanta, ya mayar bisa wuta cikin takarda da albasa da tumatir har ruwan ya fito. Na dala 200 ya ishe ka da rabin burodi. In kuma ranar hutu ce, hau mota zuwa Madarumfa ka ci soyayyen kifin tabki a inda aka kama shi.

Zabarma_Dosso:
Kifi ma Bagobiri zai koya wa mutane? Mu da ke da kogin Isa?

Admin_MaradiMu:
Jama'a a ci gaba amma ban da sa lambar waya ko hoton matan mutane a fili. Na goge guda biyu. Mai son kwatance ya bi ta akwatin sirri.

Mushe_Damagaram:
Ga rahoto. Na samu mai dambun kusa da injin niƙa da Yar_Jiratawa ta faɗa, yaron maƙwabta ya raka ni. Dambu ya yi, ba ni da ta cewa, kuma na dala 60 ya kai ni dare. Balangu ma na gwada, ya yi daɗi amma mahaucin ya ga baƙo ya cika mini kitse. Masa kuwa na ci ta nan unguwar, ta Damagaram ta fi ta nesa ba kusa ba, sai dai in ta Bagalam za ta canza mini ra'ayi. Restoran kuma ban bar shi ba, don nan ne kaɗai nake samun tebur da fanka in gyara takardun yara.

DanBagalam:
Ka ci masar Zariya ka yanke wa Maradi hukunci? Lahadi ƙarhe 6 da rabi ina ƙofar gidanka, kuma ba ka biyan kuɗin mai.

Kabukabu227:
Mushe gobe Juma'a, mai dambun tana tashi da wuri saboda masallaci, in ka wuce 12 ba za ka samu ba. Mahaucin kuma ka ce masa kai ɗan unguwa ne, ka nuna tsokar da kake so da yatsa.

Etidiyan_UDDM:
To ni tambayata daban. Duk an yi maganar safe da rana. Tuwon dare fa, wanda ba taliya ba, ba wainar ƙwai ba? Akwai inda ake samun tuwon hatsi miyar kuka bayan isha'i a ɓangaren Zariya, ko sai an gangara Sabon Gari?